Prison Break da matattun da suka ƙi mutuwa

Tun watan Agusta na 2005 tashar Fox ta Amurka ta fara nuna Prison Break, kuma har yanzu fim ɗin bai fita daga wayoyin ƴaƴanmu ba. Waɗanda suka kalle shi a faifan DVD da muryar Faransanci, da waƙar Faf Larage a bakin kowane kashi, ana zagaye da butar shayi a fada, su ne yau iyaye da malaman lakwal, suna ganin yara na tura wa juna shi daga salula zuwa salula. Zango biyar ne, kashi 90. Ina cikin masu son sa, ina kuma cikin masu ganin cewa daga zango na uku ya ci amanar masu kallonsa. Abin da nake son mu duba shi ne inda cin amanar yake, domin ba a wurin da yawancin mutane ke nuna yatsa yake ba, kuma yaron da ya iya gano wurin ya samu abin da zai amfane shi a kilas da wajen kilas.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice. An yanke wa Lincoln Burrows hukuncin kisa a kan kujerar lantarki, bisa zargin ya harbe Terrence Steadman, ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa. Ƙanensa Michael Scofield injiniyan gine-gine ne, kamfanin da yake wa aiki ya taɓa gyaran gidan kason Fox River inda ake tsare da wan nasa. Sai ya sa aka zane masa taswirar kason a fatar jikinsa, a ɓoye cikin hotunan mala'iku da shaiɗanu, ya shiga banki da bindiga da gangan domin a kama shi, aka kuwa kai shi Fox River. Ya ce yana da ciwon suga alhali lafiyarsa lau, domin kullum a riƙa kai shi ɗakin likita Sara Tancredi, tunda ta tagar ɗakin ne hanyar fita take. A ƙarshen zango na ɗaya mutum takwas suka tsallake katanga.

In aka zauna sukar fim ɗin, abin da aka fi kawowa na ƙarfe da siminti ne. Wane alƙali zai kai ɗan fashi kason da ya zaɓa da bakinsa, inda wansa ke jiran kisa? Ta yaya mutum zai riƙa cire tukunyar bayan gida ta ɗakinsa dare bayan dare, ya yi yawo cikin bango, ya dawo kafin a ƙirga fursunoni? Ta yaya likitan dabbobi zai ɗinke hannun T-Bag da aka sare da gatari, bayan an yi ta yawo da hannun cikin akwatin ƙanƙara? Duka gaskiya ne, da wuya ko ɗaya ya yiwu. Amma ni ba su dame ni ba, kuma dalilina kowane Bahaushe ya san shi tun yana ƙarami.

Da tatsuniya muka tashi. Kura tana magana, Gizo yana neman auren ƴar sarki, babu yaron da ya taɓa tsayar da kaka ya ce ai kura ba ta magana. Amma bari kaka ta ce Gizo ya tsinci nama ya mayar wa mai shi, babu wata dabara a ransa, nan take yara za su ce ba haka ba ne. Ko ta ce Kura ta faɗa rijiya ta mutu, can gaba a cikin tatsuniyar nan ɗaya sai ga ta a gidan biki tana rawa, babu bayani. Mai sauraro yana ba mai labari rancen yarda a kan abin da ba zai yiwu ba, amma da sharaɗi biyu. Abin da ya faru ya riga ya faru. Kuma kowa ya zauna a kan halinsa, sai in an nuna mana abin da ya sauya shi.

Zango na ɗaya ya riƙe sharuɗɗan nan da kyau, shi ya sa ya hana mutane barci. John Abruzzi ya sa an guntule wa Michael yatsun ƙafa biyu, kuma sun tafi ke nan. Michael ya shafe makonni yana zuba wa wani bututu sinadari domin ya cinye, daren guduwa suka iso suka tarar ma'aikata sun canja shi da sabo, shirin ya rushe, aka kai Lincoln har kan kujerar lantarki kafin alƙali ya ɗaga ranar. Wurin da na fi so shi ne inda bututun ruwan zafi ya ƙone Michael a baya, wani yanki na taswirar ya tafi da fatar. Marubutan ba su ce ai yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya haddace ba. Sun sa shi ya nuna kamar ya taɓu, aka kai shi sashen masu taɓin hankali, domin ya samu Haywire, fursunan da ya taɓa ƙure wa zanen ido, ya sake zana masa abin da ya ɓace. Ƙuna ɗaya ta jawo wahalar kashi da dama. Haka labari ke biyan bashinsa.

Ko mutumin farko da ya tashi daga matattu a fim ɗin, Steadman, ba ni da ƙorafi a kansa. A kan rashin mutuwarsa aka gina gidan gaba ɗaya. An ajiye alamomi tun da wuri: an cire masa haƙora domin a sa wa wata gawa, an ɓoye shi a wani gida a Montana. Lauya Veronica Donovan ta bi sawu har ta same shi, aka harbe ta a kashin farko na zango na biyu, ba ta kuma dawo ba. Duk wanda ya kalli wannan wurin ya fahimci cewa a fim ɗin nan ana mutuwa da gaske, har wanda kake tsammanin ba za a taɓa ba. Daga nan duk bindigar da aka ɗaga sai gabanka ya faɗi.

Sai zango na uku, a kason Sona na ƙasar Panama. Mutanen Kamfani, wato ƙungiyar asirin da ta ƙulla wa Lincoln sharri, suka sace Sara, suka aiko wa Lincoln kwali da kanta a ciki. Ya buɗe, ya gani da idonsa. Ya ɓoye wa ƙanensa na wani lokaci, da Michael ya ji ya rushe da kuka, zangon ya ƙare yana tafiya da bindiga neman matar da ta yi aikin. A kashin farko na zango na huɗu aka ce mana ai ba kan Sara ba ne, na wata mata ce, Sara ta tsere. Lincoln, wanda ya yi tafiya da ita ya san fuskarta, wai bai duba da kyau ba.

Dalilin ba a cikin labarin yake ba, a ofis yake. Sarah Wayne Callies, wadda ta fito a matsayin Sara, tana da ciki a lokacin, ba a kuma daidaita da ita a kan kwantiragi ba, sai aka kashe Sara. Masu kallo suka yi ca, aka daidaita, sai aka tashe ta. Irin wannan matsala tana samun kowane shiri mai dogon zango, har na gida. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Aminu Saira ya ɗauko Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya. An yi surutu, wasu ba su ji daɗin sabuwar fuskar ba, amma ba a ce wa mai kallo abin da ya gani jiya ƙarya ne ba. A ganina canjin fuska ya fi kwalin nan mutunta mai kallo nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Paul Kellerman, domin a kansa marubutan suka yi aiki mai kyau sannan suka zubar da shi da hannunsu. Jami'in tsaron fadar shugaban ƙasa ne, mai murmushi yana kisa. Ya kashe shaidu. Shi da abokin aikinsa Danny Hale suka shiga gidan da LJ, ɗan Lincoln, yake zaune, suka kashe uwar yaron da mijinta, suka ɗora wa yaron laifin. Da Hale ya nemi tona asiri, Kellerman ya harbe shi. Ya ɗaure Sara ya riƙa danna kanta cikin ruwan bahon wanka. Sannan muka ga yadda ya karye, mataki bayan mataki: matar da ya yi wa bauta shekara da shekaru ta zama shugabar ƙasa ta daina ɗaukar wayarsa, Kamfani ya share sunansa kamar bai taɓa aiki ba, ya sa kakinsa na soja ya ɗora bindiga a kansa, bindigar ta ƙi tashi. Bayan wannan ne ya shiga kotu ranar shari'ar Sara da takardu a hannu, ya faɗi duk abin da ya aikata, aka wanke Sara da Lincoln. Ya san abin da zai biyo baya. A hanyar kai shi kaso aka tsayar da motar, masu fuska a rufe suka buɗe ƙofa, muka ji harbi. Wannan tuba ce da ke da farashi, kuma farashin ne ya sa muka yarda da ita.

A ƙarshen zango na huɗu sai ga Kellerman cikin kwat, lafiya lau, shi ne ma ya kawo wa su Michael takardun afuwa. Shekara huɗu bayan nan ya zama ɗan majalisa. Masu kare fim ɗin za su ce ai ba a nuna gawarsa ba, kyamara tana waje lokacin harbin. Haka ne, ta fuskar dabara an bar ƙofa. Amma ka tambayi kanka me ya rage na shaidar da ya bayar a kotu. Mutumin da ya sayi gaskiya da ransa ya koma mutumin da ya canja sheƙa a kan lokaci ya samu kujera. Marubutan ma sun ji kunyar abin, shi ya sa suka sa matar Hale ta zo ta tofa masa yawu a bainar jama'a. Yawu ɗaya ke nan, a madadin gawawwakin nan duka.

Ta uku uwar su Michael ce, Christina. Zango na ɗaya ya gina tausayinmu ga ƴan'uwan nan biyu a kan maraici: uwa ta rasu da ciwon hanta, uba ya gudu, wa ya ci bashi ya biya wa ƙane karatu. Zango na huɗu ya ce tana raye, babba ce a Kamfani, har tana ƙulla wa Lincoln sabon sharrin kisa, tana kuma cewa ba ita ta haife shi ba, riƙonsa aka yi. Abu ɗaya na yaba a nan, Michael bai sauya wa Lincoln fuska ba da jin haka, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake riƙo ya san haka ya kamata. Sauran dai an ɗauko su ne don a girgiza mai kallo, an kuma biya da tausayin da aka tara tun farko.

Na huɗu shi ne Michael da kansa. A 2009 aka rufe labarin da mutuwarsa. An ɗaure Sara tana da ciki, ya shiga fitar da ita, ƙofar ƙarshe ba za ta buɗe ba sai wani ya haɗa wayoyin lantarki da hannunsa, ya haɗa. Ya bar saƙon bidiyo yana cewa ciwon da ke ƙwaƙwalwarsa ya dawo, dama kwanansa sun kusa ƙarewa. An nuna kabarinsa, an nuna ɗansa. Ƙarshe ne da ya dace da mutumin da ya fara labarin da jefa kansa a kaso saboda wansa. A 2017 aka dawo da kashi tara: yana raye a wani kaso a Yaman da sunan Kaniel Outis, wai wani jami'in leƙen asiri da ake kira Poseidon ne ya tilasta masa ya yi mutuwar ƙarya. Ciwon ƙwaƙwalwar ba a tsaya a kansa ba. Ko dutsen kabarin sai da aka gyara: a da 2005 aka rubuta shekarar mutuwarsa, a sabon zangon ta koma 2010, domin shekarun yaron su yi daidai.

Zanen jikin ma ya bi sahu. Wanda ƙunar tafin hannu ɗaya a cikinsa ta jawo tashin hankali a zango na ɗaya, an goge shi kaf da na'urar leza a zama ɗaya a farkon zango na huɗu, ya tashi ya ci gaba da guje-guje. Dalilin nan ma na ofis ne, manna wa Wentworth Miller zanen yana cin fiye da awa huɗu, shi ya sa ya yi zaman Panama cikin riga mai dogon hannu duk da zafin da ake ce mana ana yi. A zango na biyar kuwa an zana masa fuskar abokin gabarsa a bayan hannuwansa, ya haɗa su a gaban fuskarsa, na'urar tantance fuska ta buɗe masa ofishin sirri. A nan kam dariya na yi.

To me aka rasa? Tsoro. Fim ɗin masu laifi da ƴan sanda a kan tambaya ɗaya yake tsaye: abin da mutum ya aikata, me zai jawo masa? In kai a cikin kwali ba ya nufin mutuwa, kabari ma ba ya nufin mutuwa, babu bindigar da za ta sake faɗar maka da gaba. Ka lura da yara in suna kallon zango na biyar, wani ya faɗi cikin jini sai ka ji ɗaya ya ce bari kawai, zai tashi. Sun koyi dokar fim ɗin, kuma dokar ita ce babu abin da ba a iya janyewa.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗi na biyu, na hali, wanda ya fi shafar iyaye. Theodore Bagwell, T-Bag, yana kaso ne saboda sace yara da yi musu fyaɗe da kashe su. A Fox River yana sa ƙananan fursunoni su riƙe aljihunsa alamar sun zama nasa, ɗaya daga cikinsu, Seth, ya nemi taimakon Michael bai samu ba, ya rataye kansa. Bayan guduwa T-Bag ya kashe likitan dabbobin da ya ɗinke masa hannu, ya ci gaba da barin gawa duk inda ya bi. Robert Knepper ya iya wasan ƙwarai, yana da zaƙin baki da ban dariya, har ya zama wanda samari suka fi kwaikwayo. Ba laifi ba ne mugu ya yi farin jini a fim, Gizo ma ba waliyyi ba ne. A zango na biyu an nuna mana irin azabar da ubansa ya gana masa yana yaro, wannan ya bayyana daga ina ya fito, bai wanke shi ba, kuma marubutan ba su ce ya wanke shi ba. Amma a zango na biyar aka buɗe masa ƙofar kaso da bayanin ƴan daƙiƙu, mutumin da ke da ɗaurin rai da rai ya kuma ƙara kisa bayan ya tsere. Michael ya biya aka sa masa hannun ƙarfe mai motsi, aka fito masa da ɗa da bai san da shi ba, aka kashe ɗan a gabansa, aka sa kiɗan tausayi domin mu taya shi kuka. Iyayen yaran da ya kashe fa? Babu wanda ya tsaya a kansu. Ba a nuna mana ranar da ya sauya ba, an dai lura masu kallo na son sa sai aka yi masa wanka.

Shi ma Michael an taɓa shi a nan. Wannan mutum ne da likitan ƙwaƙwalwarsa ya ce ba ya iya kau da kai daga wahalar wani, wanda a zango na biyu ya shiga coci yana kokawa da alhakin duk wanda T-Bag ya kashe, tunda shi ya fito da shi. A ƙarshen zango na biyar shi ne ya nemi a sa Poseidon ɗaki ɗaya da T-Bag, ya san sarai abin da zai faru, fim ɗin kuma ya miƙo mana abin a matsayin nasara.

Wani zai ce ai mutane suna tuba, ko so nake mugu ya dawwama a mugunta? A'a. Fim ɗin da kansa ya nuna ya san yadda ake yi, a kan Brad Bellick. Shugaban gandirobobi ne a Fox River, mai cin hanci, azzalumi, wanda ya jefa ƙaramin yaro Tweener ɗakin wani ƙato mai lalata da fursunoni domin ya tilasta masa kawo rahoto. Sai muka gan shi an kore shi daga aiki, ya koma gaban uwarsa, an ɗaure shi a kason da ya taɓa mulka, sannan a Sona an yi masa duka an bar shi da ɗan kamfai, yana kwasar ƙazanta don ya samu abin sawa a baki. Ya ɗanɗani duk abin da ya shayar da wasu, a gaban idonmu, zango biyu cur. Shi ya sa ranar da ya shiga babban bututun ruwa ya riƙe ƙarfe domin sauran su wuce, ya san ba zai fito ba, babu wanda ya ce ƙarya ne. Kuma Bellick bai tashi ba, an kai wa uwarsa gawa. Alexander Mahone, jami'in FBI da ya harbe Tweener ya kuma harbe uban su Michael, yana tsakiya: an nuna shi cikin ƙangin ƙwaya, an kashe masa ɗa, Lincoln ya daɗe yana neman ransa kafin su zauna inuwa ɗaya. Na karɓa, ko da yake an ɗan yi sauri.

Akwai kuma masu cewa wasa ne kawai, a bar mutane su huta. Ni ma don hutu nake kallo. Amma iyayenmu sun huta da Columbo, wanda Peter Falk ya yi daga 1968 zuwa 2003, kashi 69, da tsohuwar rigar ruwansa da Peugeot 403 ɗinsa da matarsa da ba a taɓa gani ba. A yawancin kashi tun minti na farko ake nuna maka wanda ya yi kisan, babu abin da aka ɓoye, daɗin kallon shi ne ganin yadda ƙaramar ɓaraka a labarin mai laifi za ta tona shi. Shekara talatin da biyar mutumin bai sauya hali ba, kuma babu wanda ya ce ya gundure shi. Fim ɗin yana koya maka ka saurari labari ka nemi inda ɗinkin ya kwance, wanda shi ne ainihin aikin da Prison Break na baya-baya yake roƙonka kada ka yi.

Malamai sun san wannan ciwon a takardun ɗalibai. Ka ba ƴan ajin BEPC rubutun labari, yaro ya kai gwarzonsa bakin rami, zaki a gaba kura a baya, ya rasa yadda zai yi, sai ya rubuta cewa nan ya farka, ashe mafarki ne. Ko wani kawu mai kuɗi da ba a taɓa ambata ba ya faɗo daga sama a layi na ƙarshe. Mushe ya ja jan biro ya rage maki, yaro bai gane laifinsa ba, tunda manyan marubutan Amurka ma haka suke yi a wayarsa kowane dare. Maimakon mu yi ta faɗa da wayar, ina ganin mu ɗauko abin da suka riga suka haddace mu yi darasi da shi. Ɗalibin da ba ya iya faɗin komai a kan littafin da ke cikin manhaja zai iya yi maka awa ɗaya a kan Kellerman. Tambaye shi me ya sa ya yarda Steadman yana raye amma ransa bai kwanta da dawowar Sara ba. In ya ce saboda na farko an ajiye alamomi, na biyu kuwa daga baya aka ƙirƙiro, ya gane bambancin labarin da aka shirya da wanda aka yi wa faci, da bakinsa ya faɗa, ba a allo ya kwafa ba.

Amfanin bai tsaya a jarrabawa ba. Saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, na an kama wane, an ga kaza a garin kaza, labarai ne su ma, da gwarzo da mugu da abin mamaki a ƙarshe. Tambayoyin da ake wa fim su ake musu: wa ya gani da idonsa, abin da aka faɗa yau ya dace da na jiya, mutumin nan da muka san halinsa zai yi haka? Yaron da ya saba haɗiye kwalin Sara ba tare da ya tauna ba, wannan ma haɗiyewa zai yi.

Ga iyaye kuma, a sani cewa fim ɗin ba na ƴan firamare ba ne. Akwai fyaɗe a kaso, akwai azabtarwa, akwai rataye kai, tun a zango na ɗaya. Wanda ya kai kwalej ko lise, da wuya ka hana shi, tunda abokinsa zai tura masa. Abin da za ka iya shi ne ka zauna kusa ko kashi ɗaya, in T-Bag ya ba da dariya ka tambaye shi ko ya tuna abin da ya kai mutumin kaso. Za ka sha mamakin yawan waɗanda suka kalli kashi 90 ba su riƙe wannan ba.

In da ni ke tsara darasin, aikin gida ɗaya zan bayar, shafi biyu: Sara ta mutu da gaske a Panama, Michael na da bindiga a hannu, ga matar da ta kashe ta a gabansa. A rubuta abin da zai yi, da sharaɗin kada kowa ya farka daga barci, kada a tada gawa, kuma duk abin da aka sa shi ya aikata a kawo hujjarsa daga wani abu da ya taɓa yi a zango na ɗaya ko na biyu. Washegari a raba kilas biyu, masu cewa zai harba da masu cewa ba zai iya ba, kowa ya kare nasa.